Dizal Ko Fetur: Amsa Ga Mai Shirin Musayar Mota A Katsina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Katsina. A shekarar 2021, lokacin da nake aiki a Funtuwa ina zuwa gida duk ƙarshen mako, yayana ya sayar mini da motarsa, ƙirar Turai ta 2011 mai shan dizal, a kan in riƙa biya kaɗan-kaɗan, kuma har yanzu akwai sauran N400,000 a kaina. Bara aka dawo da ni cikin gari, yanzu iyakar tafiyata daga Ƙofar Ƙaura zuwa ofis, sai kai yara makaranta da ɗauko su. A 'yan watannin nan motar ta fara kunna wata wuta a dashbod, tana baƙin hayaƙi, wani lokaci kuma ta ƙi ja. Bakanike ya ce sai an canza nozul huɗu masu fesa mai cikin injin, a kuma yanke wani abu a jikin salansa. Wani dillali ya kawo mini Corolla mai fetur, ya ce in ba shi tawa in cika miliyan biyu da rabi, domin litar dizal ta fi tsada, kuma ya ba ni zuwa Juma'a. Kuɗin da ke hannuna na adashi ne, waɗanda na tanada domin rufin gidan da nake ginawa. Ina kuma jin nauyin Yaya. Mene ne shawara?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya yi mana jagora. A ganina motar nan ba ta dace da irin zirga-zirgar da kake yi yanzu ba, kuma rabuwa da ita daidai ne, amma ba a wannan Juma'ar ba, ba ta hannun wanda zai karɓi taka ya miƙo maka tasa a ciniki ɗaya ba, kuma ba da kuɗin rufin gida ba. Hujjar da dillalin ya kawo maka, wato tsadar lita, ita ce mafi rauni a cikin dukan hujjojin da za su sa mutum ya bar motar dizal a yau, saboda haka da ita zan fara.

Da a 2022 ya faɗi wannan magana, da babu mai ja da shi. Gwamnati ta daɗe da sakar wa kasuwa farashin dizal alhali tana tallafa wa fetur, kuma da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun waccan shekara, litar dizal ta tashi daga wajen N300 ta haura N700 cikin 'yan watanni, fetur kuwa yana ƙasa da N200 a farashin hukuma. Kai da ka sha hanyar Funtuwa a wancan lokaci ka fi ni sanin yadda abin ya kasance. To amma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lissafin ya juya. Cikin kwanaki kaɗan litar fetur ta wuce N500 a Arewa, a watan Oktoban 2024 kuma ta haura N1,000, sannan matatar Dangote da ke Legas ta shigo da dizal ɗinta kasuwa a farkon 2024, fetur ɗinta kuma a watan Satumba. Tazarar da a da ta kai ninki uku zuwa huɗu ta tsuke ƙwarai.

Abin da dillalin bai gaya maka ba shi ne, ba lita kake saye ba, tafiya kake saye. Injin dizal yana matse iska fiye da yadda na fetur yake yi, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da filogi ba, kuma litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da abin da ya ɗan haura kashi goma cikin ɗari. Idan aka haɗa waɗannan biyu, motar dizal takan sha ƙasa da takwararta ta fetur da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'anar wannan ita ce, muddin farashin dizal bai zarce na fetur da kashi ɗaya cikin uku ba, mai motar dizal bai yi asara a gidan mai ba. Bari mu ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi, kai kuma ka maye gurbinsu da abin da ka gani a allon gidan man da kake sha. A ce kana yin kilomita 700 a wata a cikin gari. Motarka za ta sha wajen lita 53, Corolla kuma wajen lita 70, musamman idan ana kunna na'urar sanyi. Idan dizal N1,200 ne fetur kuma N1,000, kai za ka biya N63,600, mai Corolla ya biya N70,000. Ka ga ke nan bayan ka cika miliyan biyu da rabi, kuɗin manka ba raguwa zai yi ba, ɗan ƙaruwa ma zai yi. Idan kana son sanin ainihin shan motarka, ka cika tanki, ka rubuta abin da mita ta nuna, ka yi mako biyu kana harkokinka, ka sake cikawa a gidan man da ka sha na farko, sai ka raba kilomitocin da litocin da suka shiga.

Amma wannan lissafi yana nuna wani abu na biyu, wanda shi ne ya sa na ce rabuwa da ita daidai ne. Ribar da dizal yake ba ka a cikin gari ba ta wuce 'yan dubbai a wata ba, kuma nozul guda ɗaya zai cinye ribar shekara. Lokacin da kake zuwa Funtuwa, wajen kilomita 200 zuwa da wasu 200 dawowa duk mako, motar tana biyan kanta. Yanzu ta daina.

Matsalar tana cikin irin injin da ke motar. Mutanenmu da yawa idan aka ce dizal, abin da ke zuwa ransu shi ne injin manyan motocin ɗaukar kaya, da tarakta, da tsofaffin Hilux, waɗanda famfonsu na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta a ciki, suna shan kusan duk man da aka zuba musu, kuma bakanike yana iya kwance su a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Waɗancan su ne suka sa dizal ya yi suna da ƙarko. Motar Turai ta 2011 wata halitta ce dabam. Famfonta yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 ko fiye, alhali iskar tayarka ba ta wuce bar biyu da ɗoriya ba, kuma man yana fita ta ƙofofin nozul da ido da ƙyar yake ganinsu. Ɗigon ruwa ko ƙwayar rairayi a cikin mai ya isa ya fara cin waɗannan ƙofofi. Man dizal ɗin kansa shi ne yake shafa wa famfon da nozul maiƙo, saboda haka duk wani gauraye da ya tsinka shi, kamar wanda akan samu a jarkar 'yan bumburutu, yana sa ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe.

Sai kuma abin da bakaniken yake so ya yanke. Tun daga watan Satumban 2009, ƙa'idar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro 5 ta sa kusan kowace ƙaramar motar dizal tana zuwa da matatar da ke kama baƙin toka a cikin salansa. Wannan matata tana cika, kuma hanyar da take wanke kanta ita ce kwamfutar motar ta ƙara mai domin zafin salansa ya kai wajen digiri 600, tokar ta ƙone. Wannan yana bukatar tafiya ta minti ashirin ko fiye a kan gudu mai ɗorewa, irin wanda ake samu a hanyar Kano ko ta Daura. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa ofis, da tsayawa a shatale-tale, da kauce wa masu adaidaita, da jira a ƙofar makaranta, injin bai gama ɗumama ba ka kashe shi. Idan kwamfuta ta fara ƙonawar ka katse ta, gobe ta sake farawa ka sake katsewa, matatar tana ƙara toshewa, man da aka ƙara kuma yana zirarewa ta gefen fistan ya gangara cikin baƙin mai. Haka nan akwai wani bawul da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, shi ma gajeriyar tafiya tana sa toka ta daskare a cikinsa har ya maƙale. Da kwamfuta ta ga abin ya yi yawa sai ta kunna wuta ta rage wa motar ƙarfi da gangan domin kada injin ya lalace, wanda shi ne ƙin jan da kake gani. Motar nan kamar dokin sukuwa ce da aka ɗaure a turke ana fita da shi zuwa bakin layi kawai.

Man da muke samu ma bai taimaka ba. An ƙera irin wannan injin ne domin dizal ɗin Turai, wanda sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba tun 2009, alhali ƙa'idar Najeriya ta daɗe tana barin har 3,000. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar mai suke haɗa dizal mai yawan salfa musamman domin Afirka ta Yamma, kuma sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Shekarun da motarka ta yi tana shan wancan mai sun bar mata tabo a matata da bawul da nozul. Wannan kuma yana cikin abin da ya sa irin waɗannan motoci suke zuwa da araha: a farkon shekarun 2010 kusan rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Turai na dizal ne, amma bayan badaƙalar hayaƙi ta kamfanin Volkswagen a 2015, da takunkumin da wasu biranen can suka sa wa tsofaffin motocin dizal, sai masu su suka riƙa rabuwa da su.

Duk da haka, kada ka yarda a canza nozul huɗu a kan ganin hayaƙi kawai. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma abubuwan da ke rage iska su ne mafi arahar gyara. A garin da ƙurar hunturu take rufe gilashi cikin dare ɗaya, matatar iska ita ce farkon abin dubawa. Ka sa a ciro ta a gabanka ka ɗaga ta sama, idan haske bai ratsa ta ba a canza. Bayanta sai robar da ke kai iska daga tobo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska, zuwa injin, wadda takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, alamarta kuma ita ce ƙara kamar fito idan ka taka mota, da jiƙewar mai a wurin tsagar. Sai bawul ɗin da na ambata, wanda sau da yawa wankewa kawai yake bukata. Akwai abu biyu da kai da kanka za ka iya yi da safe kafin ka tayar da motar. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka duba: idan mai ya haura alamar sama alhali ba ka ƙara ba, kuma yana warin dizal, to a yi juye nan da nan, domin baƙin man da ya tsinke yana iya sa injin ya buga. Sannan ka zura yatsa a bakin salansa. Motar da matatarta take lafiya bakin salansarta kusan fes yake. Idan yatsanka ya fito baƙi ƙirin, alama ce cewa matatar ta riga ta fashe, ko kuma an fafe cikinta tun kafin motar ta zo hannunka, kuma wannan zai sa ka tambayi bakaniken mene ne takamaimai yake shirin yankewa.

Daga nan sai ka nemi mai kwamfutar mota wanda ya saba da injin dizal na zamani, ya karanto lambobin matsalar, kai kuma ka ɗauki hotonsu da wayarka kafin ya goge. Nozul yana da gwajinsa: ana haɗa wa kowane ɗaya siririyar roba zuwa cikin ƙaramar kwalba, a tayar da injin na ɗan lokaci, a ga yawan man da kowanne yake mayarwa. Wanda kwalbarsa ta fi sauran cika nesa ba kusa ba, shi ne mai laifi, kuma ba kasafai huɗun suke mutuwa rana ɗaya ba. A yawancin irin waɗannan motoci, idan aka sa sabon nozul sai an shigar da lambarsa cikin kwamfuta, in ba haka ba injin ya ci gaba da rawa. Idan bakanikenka bai san wannan gwaji ba, ba aibi ba ne a gare shi, aikinsa ne bai biyo ta nan ba, amma kada ka bari ya koya a kan motarka. Game da yanke matata kuwa, ban ba ka wannan shawara ba. Idan aka yanke ba a gyara lissafin kwamfutar ba, wutar za ta dawo, motar ta ci gaba da ƙin ja. Idan kuma aka yi duka biyun, tokar da matatar take kamawa za ta riƙa fita ne a ƙofar gidanka da ƙofar makarantar yara, alhali tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Wannan maganar masu gyara ita ce hujja ta gaskiya da take goyon bayan Corolla. Kusan kowane gareji a Katsina akwai wanda ya san injinta ciki da waje, filogi da koyil da famfon mai kuma ana samunsu a shagunan safaya na cikin gari, sabo da na Baljiyam, a farashin da ma'aikaci zai iya ɗauka. Kayan motarka kuwa sau da yawa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wajen kilomita 170, idan ba a dace ba a jira daga Legas, kuma nozul na hannu da za a kawo maka babu mai iya rantsuwa a kan lafiyarsa. Hatta baƙin man da ya dace da ita na musamman ne, mai ƙarancin toka, ba wanda ake aunawa daga duro ba. Injin fetur yana saurin ɗumama, yana jure gajeriyar tafiya, kuma ranar da ka tashi sayarwa masu nema suna da yawa.

Abu ɗaya ne zai sa in janye wannan ra'ayi. Idan akwai alamar za a sake mayar da kai wani gari, ko kana da gona ko harka da za ta riƙa kai ka Daura ko Kano duk mako, kuma gwaji ya nuna gyaran ƙarami ne, to ka riƙe motarka, ka tsaya a gidan mai ɗaya da manyan motoci suke yawan sha domin mansa ba ya kwana a tanki, ka riƙa canza matatar mai a kan kari. Ko a yanzu ma, kafin ka sayar, bayan an yi gyara ka riƙa fita da ita hanyar Kano ka kai Charanci ka juyo, da rana, sau ɗaya a mako ko mako biyu, domin matatar ta samu ta ƙone abin da ta tara.

Mu dawo kan dillali. Musaya da ciko tana da daɗi domin a yini ɗaya an gama, amma a cikinta ne ake ɓoye farashi biyu a bayan lamba ɗaya. An ce ka cika miliyan biyu da rabi. Nawa aka yi wa taka kuɗi, nawa aka yi wa tasa? Mai musaya yakan karya farashin wadda zai karɓa, musamman da ya ga wuta a dashbod, ya kuma ɗaga na wadda zai bayar, ya ci riba gaba da baya, wani lokaci har da la'ada a sama. Ba zagin sana'arsa nake yi ba, dillanci sana'a ce ta halal kuma akwai masu amana a cikinta, amma shi cinikinsa yake karewa, kai ma sai ka kare naka. Ka tambaye shi farashin Corollar idan da kuɗi hannu za ka saya, sannan ka zagaya wuraren sayar da motoci biyu ko uku ka ji yadda irinta take. Wa'adin Juma'a kuwa kada ya ɗaga maka hankali. Corolla ba ta yanke a kasuwa ba, idan wannan ta tafi wata tana nan.

Abin da ya fi shi ne ka raba cinikin gida biyu. Ka fara gyara taka gyaran da gwaji ya nuna, muddin kuɗinsa bai kai abin da zai ƙaru a farashinta ba, sannan ka nemi mai sayen da motar za ta yi wa amfani, wato mai doguwar tafiya wanda ya san dizal kuma yake nemansa. Irin wannan mutum zai biya fiye da dillali. Kuma ka gaya masa gaskiyar abin da ta yi da abin da aka gyara, ka nuna masa hoton lambobin da kwamfuta ta karanto. Goge wuta a dashbod da safen ranar ciniki algus ne, Manzon Allah (SAW) kuma ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. A fiƙihu ma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, ka ga an koma gidan jiya tare da ɓacin suna.

Idan ka zo sayen ta fetur, takardu ne gaba da injin. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuwa a bakin iyaka muke, ga Jibiya ga Kongwalam, kuma motar da takardun kwastan ɗinta ba su da inganci tana iya yin shekara tana yawo cikin gari lafiya, ranar da ka ɗau hanyar Kano da iyali a tare ka. Ka kai takardun ofishin kwastan a tantance, ka kuma gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke takarda harafi bayan harafi. Ka je ganin motar da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Shuɗin hayaƙi alamar shan baƙin mai ce. Yawancin Corollar da ke kasuwarmu daga Amurka suke, mitarsu da mil take ƙirga, kowane mil kuma kilomita 1.6 ne, sannan ana iya mayar da mita baya, saboda haka ka fi gaskata cinyewar sitiyari da feda da kujerar direba. Ka ɗaga kafet ka duba ƙarƙashin kujeru ko akwai tsatsa da busasshen laka, domin ana shigo da motocin da ambaliya ta ci. Ka sa a leƙa ƙarƙashinta a ga ko ba a fafe abin da bakanike suke kira indomi ba, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa. Ka tuƙa ta har ta yi zafi da na'urar sanyi a kunne, ka ji yadda giya take shiga, ka ga inda allurar zafi ta tsaya, domin motar da za ta yi watan Afrilu a Katsina sai lagiretonta da fankarta suna da lafiya. Bakaniken da zai raka ka ya zama naka, kai za ka biya shi, kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu.

Wataƙila za a ce maka motar fetur tana da wata fa'ida, cewa ana iya juya ta ta koma shan iskar gas ta CNG, wadda gwamnatin tarayya take ƙarfafawa tun 2023. Gaskiya ne juya injin fetur ya fi na dizal sauƙi nesa ba kusa ba. Amma tukunyar tana cin rabin but, kuma kada ka sa wannan cikin lissafinka sai ka ga da idonka inda za ka riƙa shan gas ɗin kusa da kai, ka kuma ji daga masu sha cewa ba ya yankewa.

Kuɗin adashi kuwa ka bar su inda ka nufe su. Ginin da ya kai linta ba a rufe ba, kowace damina tana rage masa ƙarfi, kuɗin kwano da katako kuma ba sa jiran kowa, alhali kai kana ci gaba da zubin adashin da ka riga ka kwasa. Ka sayi motar da kuɗin taka za su iya saye, da ɗan abin da za ka ƙara daga albashi ba tare da bashi ba, ko da ta girmi wadda dillalin ya kawo da shekara biyu ko uku, ko ta fi ta ƙanƙanta. Tafiyar da ba ta wuce cikin gari ba ba ta bukatar fiye da haka. Ka kuma ware wani abu na juyen baƙin mai, da taya, da batir, da canjin suna a takardu, domin babu motar hannu da ba ta neman waɗannan a watan farko. Idan aka samu tazarar 'yan makonni tsakanin sayarwa da saye, adaidaita za ta kai yara makaranta, kuma ya kamata uwargida ta san da wannan tsari tun yanzu, tunda ita ce za ta fi jin canjin.

Saura Yaya. Nauyin da kake ji yana da tushe, domin wanda ya ba ka mota a kan biya kaɗan-kaɗan, shekaru suna tafiya bai matsa maka ba, ya yi maka alheri, kuma abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ga motar a hannun wani ko ya ji labari a bakin dillali. A shari'a motar taka ce tun ranar da aka ƙulla ciniki, saura N400,000 kuma bashi ne a wuyanka, amma zumunci yana neman fiye da abin da shari'a ta wajabta. Ka je gidansa da kanka, ba ta waya ba, kafin ka kai ta gaban kowane mai saye. Ka gode masa, ka gaya masa yadda ta yi maka hidima a hanyar Funtuwa, ka bayyana masa cewa zaman cikin gari ne yake cutar da ita, sannan ka ce, "Yaya, na ce kafin in yi komai sai na ji ta bakinka, ko kana da bukatarta, ko ka san wanda za ta dace da shi." Mai yiwuwa shi da ya fara hawanta ya san bakaniken da ya fi naka saninta, ko ya san mai doguwar tafiyar da zai saya. Ranar da kuɗin motar suka shigo hannunka kuma, N400,000 ɗinsa su ne farkon abin da za ka cire ka kai masa, ko da ya ce ka bari sai ka samu sarari, sannan ka shiga kasuwa da abin da ya rage.